Gwajin ƙasa a ɗakin bincike ko shukar bai-ɗaya: wanne ke nuna halin fili?

Ɗan'uwa, ka ce an ba ku fili don gwada irin masara kala shida, kuna shawarar ko ku kai samfurin ƙasa ɗakin bincike, ko ku sadaukar da damina guda ku shuka iri ɗaya a ko'ina don ganin halin wurin. Ka kuma tambaya ko bayanan tauraron ɗan adam sun wadatar wajen sanin yanayi.

Hanyoyin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ɗakin bincike zai gaya maka abin da ke cikin ƙasar: tsaminta, yawan fosforas da fotash, da kason yashi da yumɓu. Cikin 'yan makonni sakamako ya fito. Idan pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam na narkewa ya hana saiwa tafiya, fosforas kuma ya maƙale, sai ka zuba taki shuka ba ta ci moriyarsa ba. Wannan ido ba ya ganinsa. Ka tambaye su da wace hanya suka auna fosforas ɗin, don hanyar Bray ta ƙasa mai tsami ce, ta Olsen kuma ta fi dacewa da marar tsami, kuma ba a jera lambobinsu a kwatanta kai tsaye.

Raunin wannan hanya yana wurin ɗiba. Yawanci a kan zagaya fili a ɗebi ƙasa a wuri 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, a cakuɗa a bokiti ɗaya a aika. Ga manomi mai son sanin buhu nawa na taki zai saya, hakan ya isa. Ga mai gwaji kuwa, ka haɗa ruwan zafi da na sanyi ne ka ce ɗumi ka samu. Tsohon shuri da aka baje, inda aka taɓa ɗaure dabbobi, kwarin da ruwa ke kwanciya, duk sun ɓace a cikin bokitin. Alhali abin da ke rusa gwaji ba talaucin ƙasa ba ne, rashin daidaitonta ne. Idan iri na uku ya faɗa kan tsohon juji, shi zai zo na ɗaya, ku rubuta rahoto kuna yabon iri bayan juji ne ya yi aikin.

A nan shukar bai-ɗaya ta yi zarra. Iri ɗaya, rana ɗaya, kulawa ɗaya, sannan a girbe ƙananan yankuna daban-daban a auna kowanne. A tashar bincike ta Rothamsted da ke Ingila, masu bincike Mercer da Hall sun raba eka ɗaya ta alkama gida 500, suka wallafa sakamakon a 1911. Fili ne da ido ke gani shimfiɗe iri ɗaya, amma yankin da ya fi yabanya ya kusa ninka wanda ya fi rashi. Irin wannan matsala ce masanin ƙididdiga R. A. Fisher ya tarar da ya kama aiki a tashar a 1919, har ya fito da tsarin raba fili rukuni-rukuni da jefa ƙuri'a wajen zaɓen inda kowane iri zai zauna. Sai dai shukar bai-ɗaya tana cin damina sukutum, tana nuna maka inda ƙasa ta bambanta ba tare da faɗin dalili ba, kuma taswirar shekarar fari ba lallai ta yi daidai da ta shekarar ruwa ba.

Ni a ganina, idan gwajin na shekara ɗaya ko biyu ne, kada ku ɓata damina. Ku raba filin gwargwadon gangara da launin ƙasa, kowane ɓangare da nasa samfurin daban, har da na ƙasa-ƙasa, santimita 20 zuwa 40. Ku haƙa rami kamar mita ɗaya ku duba ko akwai marmara ko taurin da zai tare saiwa. Ku nemi wanda ya noma wurin a baya, don takin fosforas da aka zuba shekarun baya yana nan yana aiki. Amma filin da za a daɗe ana gwaji a kansa, damina guda ta bai-ɗaya ba asara ba ce.

Batun yanayi bai kai wannan sarƙaƙiya ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya tana ɗaukar shekara 30 a matsayin ma'auni, na yanzu 1991 zuwa 2020, kuma bayanan ruwan sama na CHIRPS, waɗanda ake haɗawa daga tauraron ɗan adam da tashoshin auna ruwa, sun faro daga 1981. Da su za ka san lokacin da damina ta saba sauka da yawan tsayawar ruwa a tsakiyarta. Amma kowace lamba tasu ta murabba'i ce mai faɗin kusan kilomita biyar, hadari kuwa yakan zubar a gefe ɗaya ya tsallake ɗayan. Ku kafa ma'aunin ruwa a filin, nesa da itatuwa da gini, a riƙa karantawa kowace safiya a lokaci ɗaya, musamman makonnin da masara ke fitar da bununi da gemu.