Awarar Gwanzu da taki, Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Ya damina, ya ƙafar Inna? Saƙonki na murya ya shigo ina barci. Kullum sai kin manta ƙasar Sin ta riga mu da awa 7, lokacin da kuke idar da isha'i a nan ƙarfe uku na dare ake nema.

Kin tambayi abin da nake ci, wai ko na koma cin kwaɗi. To ki gyara zama: awara nake ci, kusan kullum. Ita dai wannan da kike tashi da asuba ki kai markaɗenta, yara su ɗauka a bokiti zuwa bakin firamare. A nan suna ce mata "dofu", kuma ba abin taɓa ka lashe ba ce. Babban mutum zai shiga gidan abinci da baƙinsa ya sa a kawo ta, babu jin kunya.

A kasuwar unguwarmu akwai wata tsohuwa da ba ta sayar da komai sai ita, amma teburinta ya fi kala biyar. Akwai mai laushi kamar kindirmo, da cokali ake sha, mutanen nan birnin Gwanzu suna zuba mata ruwan sukari da citta. Akwai matsattsiya irin tamu. Har yanar da ke taruwa a saman madarar waken suya idan tana tafasa, wadda ke kike juyawa ta nutse, su yaye ta suke yi da tsinke su shanya, kuma ta fi awarar tsada. Ita kanta madarar da zafinta suke karin kumallo. Akwai kuma wata baƙa mai wari da ake soyawa a bakin titi da dare. Wannan kam na bar musu kayarsu.

Ba da ruwan tsamin kamu suke haɗa ta ba. Yawanci wani farin gari suke sawa, jifsam, ɗan'uwan wanda ake sa wa siminti amma na ci. Shi ya sa tasu take fitowa sumul, sai dai lami take, ba ta da ɗan tsamin nan da ke sa a ci taki da yaji kawai a sha ruwa. Tasu sai da miya, kuma a miyar ne suka fi mu.

Uwar miyar wani baƙin ruwa ne mai gishiri da ake yi da waken suya da alkama, a bar su watanni suna ruɓa. Ranar da na fara ɗanɗanawa na ce ai wannan daddawa ce aka mayar ruwa. Ga yadda nake yi idan na dawo daga kasuwa a gajiye: in matse awara, in yanka, in barbaɗa mata garin sitaci, in soya a mai kaɗan har ta yi ja. In jefa tafarnuwa da ɗanyar citta da attaruhu, in zuba baƙin ruwan nan cokali biyu, sukari ɗan kaɗan, da abin tsami. Taliya tana gefe ta dahu, in tsame in juye a kai, in watsa lawashi. A ƙarshe ɗigon man riɗi, bayan an sauke, don wuta tana kashe ƙamshinsa. Kafin ruwan shayi ya huce na gama. Sirrin wuta ce mai ƙarfi da kasko mai zurfi, ga gas yana zuwa ta bututu, babu hura icce babu hayaƙi.

Man riɗin nan shi ke ci min rai. Sin tana cikin ƙasashen da ke sayen riɗinmu. Duk sanda na biya kuɗin 'yar kwalba sai in tuna Baffa yana kakkaɓe nasa a tabarma, a loda wa kura zuwa Maigatari ranar Alhamis, dillali ya taya yadda ya ga dama. Wa ya sani ko nasa ne nake saye da tsada?

Taliya kuwa, Musulmin ƙasar ne gwanayenta. Shagunan taliyar Lanzhou, wani birni ne a ƙasar, suna ko'ina, musamman wajen unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi yawa. A gabanka mutum zai ja curin ƙulli da hannu, ya ninka, ya sake ja, sai ga zare, ba injin murji ba shanya a igiya. Ya tsoma a romon naman sa. Can nake ci hankali kwance. Da farkon zuwana na shiga wani shago na nuna hoton awara da jar miya, ina ganin ai wake ne, me zai faru? Sai da aka ajiye na ga niƙaƙƙen nama a ciki, abokina ya tambaya aka ce alade ne. Na biya na fita da yunwata. Tun daga nan sai na ga alamar halal a ƙofa, don har giyar girki suna sawa a miya.

Ciniki kuma duk da waya ne, ka haska hoton lamba kuɗi ya fita. Ka yi oda ɗan babur ya kawo har ƙofa da zafinsa. Amma komai a sikeli, rabin kilo rabin kilo ne. Tsohuwar nan wata takwas ina sayayya a wurinta, ko yanka ɗaya ba ta taɓa yi min gyara ba, balle a ce kawo gobe ka biya.

Ki gwada wannan ranar Juma'a: jiƙa daddawa ki tace ruwan, ki sa gishiri da tsamiya da ɗan sukari, ki dama tunkuza a ciki, ki juye kan soyayyar awara da taliyar murji. Ki fara ba Inna, in ta yamutsa fuska kar ki kai talla. Akwai ɗan Kwari da zai taso ƙarshen wata, ki aiko min da yajinki gwangwani biyu, a ɗaure sosai kar ya zube masa a kaya. Ki gaida Baffa, ki tambayar min nawa aka sayi buhu makon jiya.