Gargaɗi ga masu ƙananan jirage: kada ku sayi "na'urar matsin tanki" da ake tallatawa

Jama'a, akwai wani mai talla a Facebook da WhatsApp da ke sayar da wani ɗan ƙunshi, wai idan ka ɗaura wa injin ƙaramin jirginka na wasa, irin wanda ake tuƙawa da rimot, tankin mai zai sami matsi, ƙarfin injin ya ninka. Sai ka tura kuɗi tukuna zai aiko da kaya. Abin da ke cikin ƙunshin kuwa guntun tiyo ne da ɗan bawul mai hanya ɗaya, irin wanda ake sa wa famfon iska na akwatin kifi.

Ƙaryar tun daga tushe take. Matsi a tanki ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Amfaninsa shi ne mai ya riƙa isa kafireta daidai wa daida, ko jirgi ya ɗaga hanci sama ko tanki ya kusa ƙarewa. Kuma yawancin injunan da ke shan man metanol, irin na kamfanin O.S., sun zo da hanyarsu kyauta: akwai ɗan kan nono a jikin salansa, ka jona tiyon silikon daga nan zuwa tanki, hayaƙi ya riƙa tura man a hankali. Shi ke nan.

Bidiyon da yake yaudarar mutane da shi na injin YS ne, ƙirar Japan. Injunan YS lallai suna amfani da bawul, suna ɗaukar matsi mai ƙarfi daga cikin injin kansa, amma suna da regileta da ke auna man kafin ya shiga. Shi wannan bawan Allah bai sa regileta a kayansa ba. Bawul zai tara matsi a tanki ba mafita, mai ya shaƙe injin, saitin allurar da ke daidaita shigar mai ya gagara, kuma ko bayan inji ya mutu man zai ci gaba da kwarara cikin kafireta. Tanki mara ƙwari ma yana iya kumbura ya tofar da murfinsa cikin jirgi. Tiyon nasa kuma ba silikon ba ne, metanol zai sandarar da shi.

Da ka tambaye shi wane inji kayan ya dace da shi, sai ya ce kowanne. Wanda ya koka bayan kaya sun iso, toshe shi yake yi. Idan kun ga tallar, ku kai ƙarar shafin, ku kuma sanar da yaran da ke fara harkar, don su ya fi nema.