Kazar gida ko burela? Amsa ga Maman Ilham

Maman Ilham, kin ce maganar allurar saurin girma da abincin GMO, wato amfanin gonar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, ta sa kin rasa wadda za ki saya wa yara. Sayi kazar gida, 'yar'uwa. Sai dai dalilina daban yake da wanda ake yawo da shi a WhatsApp.

Shekara shida ke nan ina kiwon kajin Hausa a bayan ɗakina a unguwar Rikkos da ke Jos. Asalinsu sagara biyu ce da zakara, surukata ta kawo min daga Mangu da na haihu. Dusa nake ba su da tsaki da kankarar tukunya, sauran su tono abinsu a gindin gwaiba. Bara autata ta tashi daga zazzaɓi ta ƙi komai, ko shayi sai da rarrashi. Babanta ya yanka jan zakara, na ɗora a gawayi da citta da masoro da 'yar daddawa, ya kusa awa biyu kafin ya yi laushi. Romon ya fito da ɗan maiƙo rawaya a sama, ƙamshi har zaure. Yarinyar nan ta shanye kwano ta miƙo a ƙara. Na san duk abin da zakaran ya ci tun yana ɗan tsako, shi ya sa na ba ta hankalina kwance. Wahalarsu dai sai sun yi wata biyar ko shida kafin su isa yanka, kuma hunturun Jos na zuwa da annobar da ke share akurki. Kada ki yi wasa da rigakafi, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da mu, can ake haɗa shi.

Burela kuwa, to, tana da tsoka, tana saurin dahuwa, ta fi sauƙin kuɗi in taro za ki ciyar. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Wata Sallah na sayi uku a bakin titi, da na fasa cikin ɗaya warin magani ya buge ni, hantar ta koɗe tana dagargajewa a hannu. Zubar da kayan cikin na yi, har yau ina jin zafin kuɗin.

Amma a faɗi gaskiya, ba allura ke sa ta girma a sati shida zuwa takwas ba. Iri ne, kamar Cobb 500 da Ross 308, da aka yi shekaru ana zaɓen masu saurin girma ana haɗa su, ga abincin masara da waken soya a gabanta ba yankewa. Sinadarin girma in an zuba a abinci narkewa yake a ciki, sai dai a bi kaza ɗaya-ɗaya da allura a kai a kai. Wane mai gona zai yi wa kaji dubu biyar haka? Amurka ta hana ba kaji homon, wato wannan sinadarin girman, tun shekarun 1950. Rigimarsa a naman shanu take, wanda Amurka ta yarda da shi, Tarayyar Turai kuma ta hana shigo da irinsa tun 1989. Abin da kike gani ana zuba wa kaji a ruwa yawanci rigakafin cutar Gumboro ne da na annobar kaji da ake kira Lasota, ko bitamin, ko maganin ƙwayoyin cuta.

Wannan na ƙarshen ne ke hana ni barci. Yawancin maganin kaji an rubuta a jikinsa kwana nawa za a jira bayan an ba su kafin a yanka. Mai gonar da ya ga kajinsa sun fara mutuwa, wani sai ya ɗura musu magani yau, gobe ya kwashe su kasuwa. Ragowar maganin a cikin 'ya'yanmu zai ƙare, ga shi irin wannan wasa da magani ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa.

GMO kuma ba kazar ba ce, hatsi ne. A 2024 aka saki masarar TELA ta cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya, mai jure tsutsa da fari, kafin ita akwai waken SAMPEA 20-T na 2019, dukansu da amincewar NBMA, hukumar gwamnati mai sa ido kan GMO. Kazar da ta ci ba ta komawa GMO, narkar da ita take yi kamar kowace masara. Ni abin da ke min ciwo shi ne ba a rubuta mana a buhu, ko dusar da nake ba nawa ba zan rantse a kan asalinta ba.

Ki kula da masu sayar da kaji. Wasu noila, wato wata kazar gona mai haɗin iri, suke miƙo miki da sunan kazar Hausa, saboda gashinta kala-kala ne. Ɗaga ki ji, noila nauyi gare ta da kaurin ƙafa. Ta gida ƙafarta siririya ce mai kaushi, faratanta sun cinye saboda tono. In kin ga ja mai datsattsen baki, tsohuwar kazar ƙwai ce da ta gama aiki. In ya zama dole ki sayi burela, ki je gonar wanda kika sani, ki ce ya nuna miki ledar maganin ƙarshe da ranar da ya ba su.