Majigi ko na'urar sauraron Littafi Mai Tsarki? Amsa ga ɗan'uwanmu na kwamitin bishara

Salama, ɗan'uwa. Tunda ka ce kuɗin da ke hannun kwamitinku abu ɗaya kawai za su iya saya, ko majigi ko na'urorin sauraron Littafi Mai Tsarki, to ku sayi na'urorin. Duka biyun sun bi ta hannuna. Majigin yana nan cikin kwalinsa a saman kabad, rabon da in kunna shi an daɗe. Ita kuwa na'urar, rubutun da ke kan maɓallanta har ya goge don yawan dannawa.

Hakkin majigi ɗaya ne, kuma zan ba shi: yana tara jama'a. Ka ɗaura farin ƙyalle da magariba, kafin ka gama haɗa wayoyi yara sun cika fili, manya kuma sun tsaya daga baya. Amma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Sai da janareta da mai, da lasifika, da doguwar waya, da motar da za ta kwashi wannan kaya duka, da matasa biyu ko uku da suka san kan abin. Sai duhu ya yi sosai, sai kuma an samu daren da ba ruwa ba iska. Ƙura tana toshe masa fanka, ya yi zafi ya ɗauke ana tsakiyar kallo. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da muka koma wani wuri bayan mako uku, riƙe da takardar sunayen waɗanda suka ɗaga hannu a daren da muka nuna fim. Takardar ta cika gaba da baya, amma waɗanda muka samu suna son a ci gaba da zama da su ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Ban ga laifinsu ba. Mu ne muka zo dare ɗaya muka naɗe ƙyallenmu muka tafi, ba mu bar musu abin da za su riƙe ba.

Na'urar sauraro kuwa a can take kwana. Ƙaramin akwati ne mai lasifika a jikinsa, da farantin sola, wasu kuma da hannun murzawa idan rana ta ƙi fitowa. Sanannu a cikinsu akwai Proclaimer ta ƙungiyar Faith Comes By Hearing da ke Amurka, akwai kuma na MegaVoice, ban da ƙanana marasa suna da ake sa wa katin memori. Sabon Alkawari littattafai 27 ne, surori 260, kuma sauraronsa daga Matiyu har ƙarshe bai wuce awa ashirin ba. Wanda ya ba shi minti 28 kullum, cikin kwana 40 ya gama. Idan kuma zaman mako-mako ne na rabin awa, abin da zai ci wata tara ne zuwa goma. Ka lissafa sau nawa ke nan mutane ɗaya za su zauna tare a kan Maganar Allah, su san juna, su san wanda ya yi fashi har su je su duba shi.

Akwai wata dattijuwa da ba na mantawa da ita, Mama muke ce mata. Ba ta taɓa shiga aji ba, idanunta ma sun yi rauni. Makonnin farko a bakin ƙofa take zama, ba ta cewa uffan. Rannan muna cikin Markus sura 5, aka zo labarin matar nan da ta shekara 12 tana zubar jini, ta sha wahala a hannun masu magani, ta kashe duk abin da take da shi, ciwo sai gaba yake yi. Sai Mama ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, tsayar da abin nan. Shekara nawa ya ce?" Na ce sha biyu, Mama. Ta ce a mayar baya. Muka mayar. Da aka kai inda Yesu ya juya cikin taro yana tambayar wa ya taɓa shi, har ya kira matar da 'yarsa, sai ta sa bakin zanenta ta rufe fuska. Sau huɗu muka ji wurin nan a ranar, kuma ba wanda ya ƙosa. Daga baya ne muka san ita ma ta yi shekaru tana fama da nata ciwon, har 'yan gidansu sun gaji da ita.

Bayan wata biyu na tarar da ita tana ba wasu mata uku labarin nan da ka, daki-daki, ba ta tsallake ko tambayar da almajirai suka yi wa Yesu ba. Ba wanda ya aike ta. Daga ƙarshe a hannunta muka bar na'urar. Kullum da hantsi takan fito da ita ta jingina farantin ya fuskanci rana, da yamma ta goge ƙurar ta naɗe ta cikin wani tsohon ɗankwali. Idan ana maganar abin da Bulus ya gaya wa Timoti a wasiƙarsa ta biyu, sura 2 aya 2, cewa abin da ya ji ya danƙa wa amintattu waɗanda su ma za su koya wa wasu, ni fuskar Mama nake gani.

Kada kuma wani ya raina sauraro ya ce na marasa karatu ne. Ikkilisiyar farko da kunne ta karɓi Maganar, domin littafi a lokacin da hannu ake kwafarsa, ba kowa ke da shi ba. Bulus ya ce a karanta wasiƙarsa ta Kolosiyawa a gaban jama'a, sannan a kai ta Lawudikiya su ma a karanta musu. Ya kuma gargaɗi Timoti ya lazimci karatun Nassi a bainar jama'a. Romawa 10:17 kuwa kowa ya haddace ta: bangaskiya ta wurin ji take zuwa. Ni kaina da na yi shekaru ina karantawa, sai da na zauna na ji Markus a zama ɗaya, surorinsa 16 cikin ƙasa da awa biyu, sannan na ji yadda labarin yake gudu ba tsayawa har gicciye.

Na'urar ma tana da nata rauni, ba zan ɓoye maka ba. Neman aya ɗaya a cikinta aiki ne, sai ka yi ta dannawa gaba da baya. Babban kuma shi ne, akwati ba ya almajirantar da kowa. Ka tuna mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8: littafin Ishaya yana hannunsa, yana karantawa, amma sai da Filibus ya hau karusar ya zauna kusa da shi. Saboda haka kowace na'ura ku haɗa ta da mutum ɗaya mai aminci. Ba lallai mai wa'azi ba, gara ma wanda ya iya yin shiru. A saurari sura ɗaya, wani ya maimaita da bakinsa, sauran su cike abin da ya manta, sannan a tambaya: me wannan ya nuna mana game da Allah, me za mu yi da shi a makon nan, wa za mu je mu gaya wa? Na taɓa ba wani ɗan'uwa mai zafin wa'azi wannan aiki, sai ya riƙa kunna minti biyar ya yi bayanin awa guda. Cikin wata ɗaya zaman ya watse.

Akwai kuma maganar maƙwabta. Lasifikar majigi tana shiga gidan wanda ya gayyace ku da na wanda bai gayyace ku ba, wani lokaci ta bar wa 'yan'uwan da ke zaune a wurin ɓacin ran da ku ba za ku tsaya ku ji ba. Na'urar kuwa muryarta daidai zaman take, wanda ya zo da ƙafarsa ya zo. Bitrus ya ce mu ba da amsar begenmu da tawali'u da ladabi, kuma na ga ƙofofin da suka buɗe don wannan kaɗai.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, domin kuɗin baiko ne za ku kashe: ku yi hattara da masu sayarwa. Wasu da zarar sun ji aikin Ubangiji ne sai bakinsu ya cika da "ɗan'uwa" da "Allah ya sa albarka", alhali kayan jabu za su miƙa maka. Ni an taɓa yi mini. Na karɓi ƙananan na'urori guda biyar, mai kayan ya rantse Littafi Mai Tsarki ne cikakke a ciki. Ya kunna mini Matiyu na ji, na biya. Sai da muka yi nisa da zama aka gane daga Yohanna shiru ne. Katin memorin ƙarya ne, irin wanda yake nuna giga mai yawa a rubuce amma cikinsa ɗan kaɗan ne, abin da aka zuba daga baya duk ya lalace. Don haka kada ka tsaya a farkon littafi. Ka sa ya kunna maka sura ta ƙarshe ta littafin ƙarshe, da wani wuri a tsakiya da kai ka zaɓa, kuma kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ya ajiye don gwaji ba.

Farantin sola ma akwai na ado, baƙar roba ce kawai aka manna ba waya a bayanta. Ka fita da na'urar rana ka ga ko fitilar caji ta kama, ka rufe farantin da tafin hannu ka ga ko ta mutu. Ka tambaya ko ana iya canza batir, domin shi ne yake fara gajiya. Idan ka ga na'urar da aka rubuta wa cewa ba ta sayarwa ba ce, ka bar ta a wurin. Kyauta ce wasu bayin Allah suka biya domin masu bukata, wani ya karkatar da ita kasuwa. Kafin ma ku fitar da ko kwabo, ku sa fastonku ya tuntuɓi ofishin bishara na ɗarikarku ko ƙungiyar Littafi Mai Tsarki, domin irin su Proclaimer ta hannun ikkilisiyoyi da ƙungiyoyin bishara ake rarraba su. Masu babbar waya kuma su sauke manhajar Bible.is ko YouVersion, kyauta ne, ku bar na'urorin ga waɗanda ba su da waya.

Ku kuma duba harshe da fassara. Idan mutanen suna da nasu yaren kuma an riga an ɗauki Sabon Alkawari da shi, shi za ku nema ko da suna jin Hausa. Idan Hausar ce, ku tabbata fassarar da ke cikin na'urar ita ce wadda ake karantawa a majami'arku. Tun daga 1932 da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa an yi wasu fassarori, kalmominsu ba ɗaya ba ne, har sunan wasu littattafai ya bambanta: nan Yohanna, can Yahaya. Sabon tuba da ya haddace aya a zaman mako, ya zo ranar Lahadi ya ji ta da wasu kalmomi, sai ya ɗauka shi ne ya yi kuskure.

Shawarata ke nan: ku sayi na'urori daidai yawan amintattun mutanen da kuke da su a shirye, ko da uku ne, sauran kuɗin ku ajiye na zirga-zirgar masu kai ziyara da 'yan kwafin Sabon Alkawari don masu iya karatu a kowane zama. Ku fara da Markus. Idan kuma dattawa suka nace sai an yi daren majigi domin buɗe wurin, kada ku saya. Nawa yana nan da ƙyallensa da wayoyinsa, ka yi mini magana ta gefe ku zo ku ara. Sharaɗina ɗaya ne: kafin a kunna shi, a sanar da jama'a ranar zaman sauraro na farko da gidan da za a yi shi.