Aljihu a bayan ragar sifikar mashin: na tamfol ko na faif?

Ɗan'uwa mai tambaya tsakanin ɗinkakken tamfol da faif ɗin roba wanne ya fi don yin aljihun ajiye takardu da ruwa ba ya shiga a ramin sifikar mashin, kai dai yi na faif. Duka biyun na gwada a mashin ɗina.

Da tamfol na fara, don ya fi araha kuma yana bin siffar ramin. Iyakar yabon da zan masa ke nan. Duk inda allura ta ratsa ƙofa ce ta ruwa, zif ɗin ma haka. Damina ɗaya takardun mashin suka yi laushi kamar ƙosai.

Na faif kuwa, bayan na cire sifikar, guntun faif mai inci 4 na sayo a wajen masu kayan famfo a Dilimi cikin Jos, irin na magudanar ruwa, tare da murfi biyu. Na baya na liƙe shi dindindin da gam ɗin faif, na gaba mai zare ne da zoben roba a ciki, ana murɗawa. Ramin sifika yawanci inci 5 da kwata ne ko 6 da rabi, saboda haka sai da na yanko faifan roba ya cike gefen, na ɗaure shi a ramukan sukurun da sifikar ta bari, na zagaye da silikon. Ka bar shi awa 24 ya bushe, kar ka yi gaggawa. Wayoyin sifikar kuma ka naɗe bakinsu da baƙin salatif, kowace daban. Ka auna zurfin wajen kafin ka yanka faif, ka juya kan mashin hagu da dama ka tabbatar ba ya tokare komai.

Watan Agusta ruwa ya tare ni a Hawan Kibo ina dawowa daga Akwanga, har da ƙanƙara, ba wajen fakewa. Na iso gida ko ɗan kamfai bai tsira ba, amma da na murɗe murfin nan, lasisi da 'yan kuɗin mai a bushe ƙayau. Maiɗakina har dariya ta yi, wai da ni ma na shige ciki.

Aibinsa ɗaya: sanyin Jos da zafin rana kan sa ya yi gumi ta ciki. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka jefa biyu. Kuma babbar waya ba lallai ta shiga ba, sai ka gwada tukuna.

Ko da ba ka tambaya ba, ka yi hattara da masu sayar da silikon. Wasu tsohon da ya wuce wa'adi suke goge wa kwanan wata, ka shafa ya ƙi kamawa har sati. Mai warin tsami ma ka bar musu, yana cin ƙarfe da waya. Murfin kuma ka sa a murɗa maka shi a kan faif ɗin a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.