Hilux ko Land Cruiser, tantin sama ko na ƙasa: amsa ga mai shirin zagaya Namibiya da motar haya

Wani ɗan'uwa a rukuninmu ya kawo tambaya. Su huɗu ne, duk manya, za su sauka Windhoek, babban birnin Namibiya, a watan Yuli, su ɗauki hayar mota mai jan ƙafa huɗu, su tuƙa da kansu kwana 14 suna kwana a tanti. Hanyarsu ita ce Sesriem da Sossusvlei, Swakopmund, Spitzkoppe, Twyfelfontein, gandun namun daji na Etosha, sannan a dawo Windhoek. Kamfanin haya ya ajiye musu Hilux mai ƙofa huɗu da Land Cruiser 79 mai ƙofa huɗu wadda ta fi tsada, ya ce kuma su zaɓa tsakanin tanti biyu a saman mota da tantin ƙasa.

Malam, a wannan hanyar da kuka zana, Hilux ce motarku. Rarar kuɗin da za ta rage muku ku zuba ta a inshora. Ga dalilanmu.

Zagayen nan zai ci muku wajen kilomita 2,500 idan an haɗa da yawon cikin Etosha. Wani sashe kwalta ne, mafi yawa burji ne mai faɗi wanda gireda ke bi lokaci-lokaci. Yashi mai zurfi da za ku shiga bai wuce kilomita 5 na ƙarshe kafin Sossusvlei ba, bayan kilomita 60 na kwalta daga ƙofar Sesriem. Land Cruiser 79 an ƙera ta ne don abin da ya fi wannan tsanani nesa ba kusa ba. Aksul ɗinta na gaba sanda ɗaya ne ɗungurungum, tana jure duka a kan duwatsu, tana ɗaukar kaya ba ta durƙusa, kuma yawancinsu suna da makullin da ke sa tayoyi su juya tare gaba da baya. Amma wannan ƙarfin a jikin fasinja yake fita. A kan gargada irin ta hanyar C14, tsakanin Solitaire da Walvis Bay, jijjiga ce ta awa huɗu ko biyar. Kujerar baya a miƙe take kamar bencin makaranta, wurin ƙafa kaɗan ne, gwiwar dogon mutum tana tokare da kujerar gaba. Hilux kowace tayar gaba da nata shokozoba da hannunta, tana shanye gargada, kujerar baya ta ɗan kwanta, iyakwandishan ɗinta ya fi kai wa baya. Mutum biyu da za su yi mako biyu a baya su ya kamata a fara tambaya.

Wajen inji, Hilux ɗin haya yawanci 2.4 ce ta dizal mai turbo, ƙarfin doki 150. Land Cruiser kuwa ku tambaya wacce ce, domin akwai tsohon injin 4.2 marar turbo mai ƙarfin doki kusan 130, akwai V8 mai 4.5, akwai kuma sabuwar 2.8. Ita 4.2 ba ta mutuwa da sauƙi, kowane bakanike a ƙauye ya san cikinta, sai dai da kaya a tsaunin Windhoek, wanda ya kai mita 1,700 sama da teku, wuce tirela da ita sai an yi dogon lissafi. Da tanti biyu a sama Hilux tana shan lita 10 zuwa 11 a kilomita 100, Land Cruiser 13 zuwa 15. A zagayenku bambancin ya kai lita 75 zuwa 100. Tankin Hilux na asali lita 80 ne, kamfanoni da yawa suna ƙara shi zuwa 140 ko fiye. Ku nemi mai ƙarin. Ku kuma sani cewa a irin wannan tankin allurar geji takan tsaya a cike har sai ƙarin ya ƙare, don haka da kilomita ake lissafi. Duk gidan man da kuka gani ku cika, ko rabin tanki kuka sha. Kada ku dogara da famfunan mai na cikin Etosha, sukan ƙafe. Ku cika a Outjo ko Kamanjab kafin ku shiga.

Akwai abin da ya shafe ku musamman. A Namibiya hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama. Wanda ya saba da titin Kano ko Maraɗi zai sa giya da hannun hagu, zai nemi sigina ya kunna waifa. Wannan kwana ɗaya ne ya wuce. Wanda ba ya wucewa da wuri shi ne abin da hannu ke yi a firgice: mota ta ɓullo daga bayan tudu, hannu ya karkata sitiyari dama, wato cikin hanyarta. Hilux ana samunta otomatik cikin sauƙi, Land Cruiser 79 mafi yawansu giyar hannu ce. Rage wa direba aiki ɗaya a makon farko ba ƙaramin abu ba ne.

Inda za mu juya mu ce ku ɗauki Land Cruiser shi ne in hanyar ta canza. In za ku haura Kaokoland ta Opuwo ko Sesfontein zuwa Purros, inda hanya ke zama duwatsu da busassun koguna, ko ku tsallaka Botswana ku bi Moremi da Savuti, inda babu gidan mai tsakanin Maun da yankin Kasane kuma yashi ya kai aksul, to tsayinta daga ƙasa da jurewarta sun cancanci kuɗin. Can ma mota biyu ake tafiya, da wayar satilayit, da takardar izinin tsallaka iyaka daga kamfanin. Mashigar Van Zyl, wata hanyar kan dutse a Kaokoland, kuwa kamfanoni da yawa sun haramta ta a yarjejeniya. Ko a yashi Land Cruiser tana da halinta: tayoyin baya sun fi na gaba matsewa da kusan santimita 10, ba sa bin sawun na gaba daidai, sai ka ji gindinta yana rawa.

Sai maganar tanti, kuma a nan ba mu da amsa guda mai yanke hukunci kamar ta mota.

Tantin sama a naɗe yake da katifarsa. A cire murfi, a ja tsani, ya buɗe kamar littafi, minti biyar an gama. Kana nesa da kunama, da dilan sansanin Okaukuejo na Etosha masu ɗauke takalmin da aka bari a waje, kuma ba ka neman inda turaku za su shiga a ƙasa mai duwatsu. Bargo da filo suna zama a ciki, bayan mota ya samu sarari. Illarsa nauyi ce. Kowane ɗaya ya kai kilo 50 zuwa 70, biyu kenan sama da kilo 100 a wuri mafi tsayi na motar, kuma wannan ne ke sa ta saurin kifewa in ta yi wutsiya. Faɗinsa yawanci mita 1.2 ne, wasu 1.4. Manya biyu a 1.2 kafaɗa da kafaɗa za su kwana, ku tambayi awon tun kafin ku biya. Dole motar ta tsaya daidai, in ba haka ba a kwana ana gangarowa gefe. Dutse mai faɗi a ƙarƙashin taya ɗaya yana gyara wannan. Ga kuma saukowa ta tsani cikin duhu da sanyi don alwalar asuba ko fitsari, abin da dattijo ko mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa.

Babbar matsalarsa ita ce gidanku yana bin motar. A Sesriem, waɗanda suka kwana a sansanin cikin gandun dajin Namib-Naukluft ana buɗe musu ƙofar ciki awa ɗaya kafin fitowar rana, domin su riski hantsi a kan tudun yashi na Dune 45 ko a busasshen tafkin Deadvlei. Mai tantin sama sai ya naɗe biyu a duhu, yatsu sun ƙage don sanyin Yuli da ke kusan daskarar da ruwa, zif ɗin murfi ya cika da ƙura ya ƙi tafiya. Minti 20 zuwa 30 sun tafi. Haka a Etosha, fita da safe da fita da yamma, naɗi biyu buɗi biyu kowace rana. Mai tantin ƙasa ya zuge zif ya shiga mota. Nasa wahalar tana ranar tashi: kafawa da kwancewa minti 15 zuwa 20, katifu huɗu suna cin rabin bayan mota, kuma iskar gabas da ke kaɗawa a gabar teku a wannan lokacin tana tumɓuke tantin da ba a ɗaure da kyau ba.

Tunda sansanonin Etosha, wato Okaukuejo da Halali da Namutoni, a katange suke, tsoron namun daji ba hujja ba ne a hanyarku. Abin da muke ba da shawara ga manya huɗu shi ne tanti ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Nauyin sama ya ragu da rabi, naɗin asuba ya ragu da rabi, na ƙasa yana riƙe muku wuri, kuma wanda tsani ke ba shi wuya ya samu inda zai kwanta. Kamfanoni suna yarda in an faɗa da wuri.

Yanzu inshorar da muka ce a zuba wa kuɗi. Abin da ke lalata irin wannan tafiya galibi gudu ne a kan burji, ba tare da wata mota a kusa ba. Hanyar tana da faɗi, babu kowa, ƙafa ta yi nauyi. Taya ɗaya ta hau tarin tsakuwar gefe, ko mariri ya tsallako, direba ya fizgi sitiyari ya taka birki, baya ya zagayo, mota ta wuntsila. Shi ya sa kamfanoni ke ƙayyade kilomita 80 a awa a kan burji, suna kuma saka na'urar da ke rubuta gudunku. In ta nuna kun wuce, inshora ta faɗi ko nawa kuka biya. Da mutum huɗu da kaya, 60 zuwa 70 ya fi. Haka tuƙin dare a wajen gari, haramun ne a yawancin yarjejeniyoyi. Ku karanta abu huɗu da idonku: nawa ne kuɗin da za ku biya daga aljihu kafin inshora ta karɓi saura, ko ta haɗa da tayoyi da gilashi, ko ta haɗa da hatsarin mota ɗaya, da kuma wanda zai biya janwe. Ɓarnar ƙarƙashin mota da ta shiga ruwa kusan ba wanda ke ɗauka. Kuɗin ajiya a katin kiredit mai sunan direba ake riƙewa, ku tabbatar katinku zai ɗauka tun kuna gida. Lasisi mai Turanci yana wucewa. Mai na Faransanci, kamar na Nijar, ya haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa. Katin rigakafin shawara ma ana nema ga mai fitowa daga Najeriya ko Nijar.

Iskar taya ita ce rabin tuƙin, ko wace mota kuka ɗauka. Kwalta da kaya, 2.2 zuwa 2.5 a ma'aunin iska na bar. Burji, a sauke zuwa 1.8 ko 2.0, taya ta riƙe ƙasa kuma tsakuwa mai kaifi ta rage huda ta. Yashin Sossusvlei, 1.5, in ya yi laushi da rana har 1.2. A tsaya cak, a sa giya a furi, a shiga L4, wato jan ƙafa huɗu a ƙaramar giya, a tafi da gudu ɗaya cikin sawun waɗanda suka riga, ba juya sitiyari da ƙarfi don taya mai ƙarancin iska tana iya fita daga rim. In ta kafe, a ɗaga ƙafa nan take, domin ƙarin wuta rami yake haƙawa. A kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, a ƙara rage iska, a koma baya a kan sawu. Da an dawo kwalta a buga iska a koma H2, wato jan ƙafa biyu. Motocin nan biyu ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, tafiya da H4, wato jan ƙafa huɗu a babbar giya, a kwalta tana murɗe musu giyabos ɗin ƙafa huɗu.

Ruwa ku lissafa lita 5 ga kowa a rana don sha da girki, da 2 na alwala da wanke-wanke, lita 28 kenan ku huɗu. A Spitzkoppe babu famfo ko lantarki a wuraren kwana, kwana biyu can yana son lita 60 a mota. Na tankin mota na wanki ne, na sha a saya a jarka mai lita 5. Naman halal ku saya a Windhoek, amma ku tsara ya ƙare kafin ku fito daga Etosha, saboda akwai shingen kula da cutar dabbobi, kuma a ƙofar fita ana buɗe firji a karɓe ɗanyen nama. A cikin gandun ba a sauka daga mota sai a sansani ko wuraren da aka keɓe, gudu 60 ne, ƙofofi suna rufewa da faɗuwar rana, don haka ku tsara azahar da la'asar a sansani.

Ranar karɓar mota ku ware awa biyu, kada ku sa doguwar tafiya a ranar. Ku buɗe tanti ku naɗe da hannunku a gaban ma'aikacin. Safaya biyu, kowace a duba iskarta da shekarar da aka buga a gefenta. A gwada jak a kan motar, a ga sifanar taya ta shiga noti, a nuna muku yadda ake sauko da safayar ƙarƙashi. A kunna injin buga iska har ya cika taya ɗaya. A kashe mota a ga firji yana ci daga batir na biyu. Ku ɗauki hoton gilashin gaba, da gefen kowace taya, da ƙarƙashin motar, sannan ku sa a rubuta duk tsagewar da kuka gani a takardar kafin ku sa hannu.