Wata biyar ina karatun lissafin kuɗi na gudanarwa ta intanet

Shekara shida na yi a sashen ƙera kaya na wani ƙaramin kamfani kafin a ɗora mini shugabancin sashen. Inji na san shi, ma'aikata na san halin kowa. Abin da ya gagare ni shi ne takardar da akantanmu yake rabawa a taron ƙarshen wata. Sai a nuna layin sashena a ce kuɗin da muka kashe ya zarce kasafi, in rasa bakin magana, alhali na san ba mu yi almubazzaranci ba. Wannan ne ya sa na yi rajistar wani kwas na share fage a lissafin kuɗi na gudanarwa, irin wanda ake yi ta intanet, babu aji babu ƙararrawa, kai ke tsara wa kanka lokaci. An ce mako 10 ya isa a gama shi. Ni sai da na ci wata biyar, kuma ban yi nadama ba.

Tsarinsa ba shi da sarƙaƙiya. Babi 12 ne, kowane babi da gajerun bidiyoyi na minti 8 zuwa 15, da ɗan rubutu da za a karanta, da atisaye, sai gwaji a ƙarshe wanda kwamfuta ke dubawa nan take. Da Turanci ake koyarwa, amma ana rubuta maganar malamin a ƙasan bidiyo, kana iya rage gudunsa ko ka mayar da shi baya sau nawa kake so. Babin farko ya bambance lissafi iri biyu. Akwai wanda ake yi domin mutanen waje, irin su banki da masu hannun jari da hukumar haraji, shi dole ne ya bi ƙa'idojin da aka gindaya, kuma labarin abin da ya riga ya faru yake bayarwa. Shi kuwa na gudanarwa na cikin gida ne, manaja ake yi wa shi domin ya yanke shawarar gobe, babu dokar da ta ce ga fasalin da zai ɗauka.

Babi na uku da na huɗu su ne suka biya ni wahalata. A nan aka raba kuɗin da kamfani ke kashewa gida biyu: wanda ke bin yawan aiki, kamar katako da ƙusa da fenti, da wanda yake tsaye ko an yi aiki ko ba a yi ba, kamar hayar gini da albashin dindindin. Da jin wannan mutum zai ce ai kowa ya sani. Haka ni ma na ɗauka, sai da aka kawo misalin kujera. A ce ana sayar da kujera ɗaya a kan 50, kayan da ta ci da ladan haɗa ta 30 ne. Ragowar 20 ɗin nan ba riba ba ce tukuna, gudummawa ce da kowace kujera ke bayarwa wajen biyan tsayayyen kuɗi. Idan tsayayyen kuɗin wata 10,000 ne, to sai an sayar da kujera 500 kafin a kai matakin da babu riba babu faɗuwa. Daga kujera ta 501 ne riba ke fara shigowa, 20 a kan kowace ɗaya.

Sai malamin ya ɗora tambayar da ta tsayar da ni. Kamfanin yana yin kujera 1,000 a wata, saboda haka in aka raba 10,000 ɗin nan, kowace kujera ta ɗauki 10, jimillar abin da ta ci ya zama 40. Wani ya zo yana son kujera 200 a kan 36 kowace. A karɓa ko a ƙi? Ban yi wata-wata ba na ce a ƙi, wa zai sayar da abin 40 a kan 36? Amsar kuwa ita ce a karɓa, muddin injinan suna da sararin yin ƙarin aikin, kuma cinikin ba zai ɓata farashi a wurin sauran masu saye ba. Hayar gini ba za ta ƙaru ba don an ƙara kujera 200. Abin da zai ƙaru 30 ne kawai a kan kowace, ke nan akwai rarar 6 sau 200, wato 1,200 da za a yi asararsa in aka mayar da mutumin. Na daɗe ina kallon takardar a daren nan, domin na tuna wani aiki makamancin wannan da na taɓa ba da shawarar a ƙi, aka kuma bi shawarata. Lambar da muke kira kuɗin da kaya ya ci ba guda ɗaya ba ce, tana sauyawa gwargwadon tambayar da kake son amsawa. Duk sauran kwas ɗin a kan wannan aka gina shi.

Akwai kuma kuɗin da ya haɗa hali biyu, kamar na lantarki. An koya mana wata hanya mai sauƙi ta raba shi: ka ɗauki watan da aka fi aiki da wanda aka fi ƙaranci. In injina sun yi awa 1,200 an biya 9,000, a wani watan sun yi awa 800 an biya 7,000, to bambancin 2,000 a kan awa 400 ya nuna kowace awa tana cin 5, sauran 3,000 kuma tsayayye ne. Malamin bai ɓoye cewa hanyar tana da rauni ba, tunda wata biyu kacal ta dogara da su. Na gwada ta da takardun lantarkin sashenmu na shekara guda, ta ba ni abin da zan iya kafa hujja da shi.

Sai dai fa 'yancin nan da ake tallata kwas ɗin da shi, a nan gizo ke saƙa. A makonni uku na farko na yi gudu, ina kallon bidiyo huɗu ko biyar a zama ɗaya, komai yana shiga kamar ruwa. Da malami ya warware lissafi a gabanka, sai ka ji kamar kai ma ka iya. Gani ba ci ba ne. Ranar da na buɗe gwajin babi na biyar na tarar da tambaya ba tare da malami a gefe ba, na kasa sanin ta inda zan fara. Na samu 45 cikin 100. Daga nan gwiwata ta yi sanyi, aiki kuma ya yi yawa, na yi kusan mako biyar ban leƙa ba. Babu wanda ya neme ni, in ban da saƙon tunatarwa da na'ura ke turowa. A aji na zahiri, kunyar malami da ta abokan karatu kaɗai ta isa ta dawo da mutum. A nan babu wannan.

Da na dawo sai na sauya salo. Na tsayar da minti 40 kullum da sassafe kafin in fita aiki, na sayi littafin rubutu na musamman. Da malami ya karanta tambaya sai in dakatar da bidiyon, in warware da biro, sannan in saki in ga inda muka rabu. Bidiyon minti 10 yakan ci mini rabin awa ta haka. Bayan na gama da hannu sai in sake gina lissafin a manhajar Excel ta kwamfuta, in riƙa canza lambobi ina kallon yadda riba ke motsi. Wannan ne ya ja karatun ya kai wata biyar, kuma shi ne ya sa abin ya zauna.

Babin kasafin kuɗi ya yi kyau, ba sai na tsawaita ba. An nuna yadda komai ke farawa daga hasashen ciniki, daga shi a fitar da yawan kayan da za a ƙera, sai kayan aikin da za a saya, sai ƙwadago, har a kai ga kasafin tsabar kuɗi, inda ake ganin kamfani na iya cin riba a takarda amma ya rasa abin biyan albashi saboda bashin da yake bi bai shigo ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kasafi mai sassauci. Idan an tsara za a yi kaya 1,000 sai aka yi 1,300, zalunci ne a auna kuɗin da aka kashe da kasafin 1,000. Sai an fara gyara kasafin ya dace da aikin da aka yi a zahiri, sannan a yi maganar wanda ya wuce gona da iri. Ashe rabin abin da ake tuhumar sashena da shi daga nan yake.

Ragowar rabin kuma na same shi a babin binciken giɓi tsakanin ma'auni da zahiri. Misalin da na fi riƙewa shi ne na katako. An ƙayyade kowace kujera za ta ci mita 4 a kan 5 kowace mita, ke nan kujera 1,000 za su ci 20,000. A ƙarshen wata aka ga an kashe 19,800, kowa ya yi murna an rage 200. Da aka fasa lambar gida biyu sai ga wani labari: an sayi katakon a kan 4.5, aka samu sauƙin 2,200, amma an ci mita 4,400 maimakon 4,000, asarar 2,000 ke nan. Mai sayayya, wato mai sayo wa kamfani kayan aiki, ya sha yabo, mai ƙera kujerun ya sha faɗa, alhali mai yiwuwa katakon ne maras kyau, yana tsagewa ana zubarwa. Araha ba ta ado. A taron da ya biyo baya na ce wa akantanmu, "Malam, don Allah a raba mana giɓin nan, mu ga nawa ne na farashi, nawa ne na yawan abin da aka yi amfani da shi." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "To, madalla, haka ya kamata a riƙa tambaya." Washegari ya kawo shi a rabe, muka zauna tare da mai sayayya muka duba.

Inda kwas ɗin ya gaza kuwa ba kaɗan ba ne, kuma ya kamata mai niyyar shiga ya sani. An rubuta cewa ba a buƙatar wani ilimi kafin a fara, wannan ba daidai ba ne. Tun babi na biyu ake ɗauka ka san yadda ake karanta bayanin riba da asara, ka san yadda ake shigar da kowace mu'amala a ɓangare biyu na littafi, tsarin da Luca Pacioli, masanin lissafi ɗan Italiya, ya bayyana a rubuce tun 1494 kuma har yau a kansa ake tafiya. Sai da na tsaya na nemi wannan a wani wuri na mako biyu.

Na'urar da ke duba gwaji ita ma ta ɓata mini rai ba sau ɗaya ba. Ka bi hanya daidai, ka rubuta 12.5 ita tana jiran 12.50, ko ka manta alamar ragi, sai ta soke tambayar gaba ɗaya, ba ta nuna maka a wane mataki ka kauce ba. Malami mai rai zai duba aikinka ya ce ga inda ka zame. Na tura tambaya sau uku ta wurin da aka tanada, ɗaya ce aka amsa, ita ma bayan kwana 9. Ga wanda yake karatu a waya kuma, jadawalin lambobi ba ya ganuwa sosai, sai da kwamfuta.

Sannan an yi wa wasu babuka rowar lokaci. Hanyar raba kuɗin ɗawainiya, wato kuɗin hidimar kamfani da ba a iya jingina shi kai tsaye ga kaya guda, bisa ayyukan da suka jawo shi, wadda Robin Cooper da Robert Kaplan na jami'ar Harvard suka yaɗa a ƙarshen shekarun 1980, bidiyo biyu kawai aka ba ta. Alhali ita ce ke tona yadda kaya mai sauƙin yi wanda ake fitarwa da yawa yake ɗaukar nauyin kaya mai wuyar sha'ani da ake yi kaɗan-kaɗan, idan aka raba kuɗin da awannin ƙwadago kawai. Shawarar zuba jari mai dogon zango, da batun cewa kuɗin yau ya fi na baɗi daraja, an cusa su a babin ƙarshe kamar ana sauri a tashi. Misalan ma kusan duk na masana'anta ne. Ni ya yi mini daidai, amma mai aiki a asibiti ko makaranta ko kamfanin sufuri zai sha wahalar mayar da su kan aikinsa.

Wanda yake riƙe da sashe ko yake tafiyar da ƙaramin kamfani, yana yanke shawarar farashi ko ta a ƙera a gida ko a sayo daga waje, zan ce masa ya shiga, ya tanadi biro da littafi da lokaci tsayayye. Wanda kuma yake neman zama ƙwararren akanta, wannan ƙofa ce kawai. Takardar shaidar da ake bayarwa a ƙarshe ba ta kama ƙafar jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci irin su CIMA ta Birtaniya ko IMA ta Amurka ba, masu kwas ɗin ma ba su ce ta kama ba.

Na ci gwajin ƙarshe da 81. Babi ɗaya ne har yanzu bai zauna mini ba, na lissafin kayan da ake sarrafawa a jere, inda ake mayar da kaya 400 da aka yi rabinsu su zama daidai da 200 kammalallu. Ƙa'idar na gane ta, amma idan aka haɗa da ragowar watan jiya, kuma kayan aiki da ƙwadago kowanne yana matakinsa daban, sai lissafin ya kuɓuce mini. Akwai sauran wata biyu kafin a rufe mini damar shiga, na ware safiyoyin mako biyu masu zuwa domin wannan babin, kuma akantanmu ya yarda zai duba mini atisayen da na yi da hannu.